Yadda za a kwatanta ƙwayoyin nano da dunƙulallen kiristal bayan an sirka musu ƙarfe

Tambayar ta zo ne daga wata malamar kimiyyar sinadarai da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a Gombe, wadda kuma take karatun digiri na biyu a nan Bauchi. Ga abin da ta rubuto a taƙaice: "Malam, an ba ni aikin haɗa ƙwayoyin nano na semikondakta waɗanda aka sirka da ƙarfe, sannan in kwatanta su da dunƙulallen kiristal na sinadari iri ɗaya. Na karanta takardu da yawa a kan ZnO (zinki oksaid) da ZnS (zinki salfaid), amma na rasa wanda zan zaɓa, na rasa inda zan samo babban kiristal, kuma ban san abin da zan auna wanda zai gamsar da mai jarrabawa ba."

Ga wanda bai san fannin ba: ƙwayoyin nano 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake auna faɗinsu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita; semikondakta sinadari ne da ke tsakanin mai ɗaukar lantarki da marar ɗauka; sirki kuwa shi ne sa ɗan baƙon sinadari a cikin kiristal ɗinsa. Malama, Allah Ya ba da sa'a a wannan aiki. Zan amsa miki duka ukun, amma ina so tun yanzu ki riƙe wata tambaya a ranki, domin a kanta aikin naki zai tsaya ko ya rushe: baƙon ƙarfen da kika zuba, nawa ne ya shiga cikin kiristal ɗin, kuma a ina ya zauna? Na duba kundaye da dama na ɗalibai inda aka rubuta "an sirka kashi 5 cikin ɗari" alhali abin da aka sani kawai shi ne an auna kashi 5 a kan sikeli an zuba a cikin kwalba. Zubawa daban, shiga daban. Duk kwatancin da aka gina a kan adadin da aka zuba, ba a kan wanda ya shiga ba, gini ne a kan rairayi.

Bari mu fara daga dunƙulallen kiristal, tunda a can ilimin sirki ya samo asali. A cikin santimita kiyubik ɗaya na silikon, wato guntun da tsawonsa, faɗinsa da tsayinsa duk santimita ɗaya ne, akwai atom kimanin 5 × 10²². Idan masana'anta ta sa baƙin atom na fosfarus ko boron 10¹⁶ a cikin wannan santimita, wato baƙo ɗaya a cikin 'yan gida miliyan 5, wannan kaɗai ya isa ya sauya yadda silikon ɗin ke ɗaukar lantarki sau dubbai masu yawa. Ana narkar da silikon a digiri 1414 na Selshiyos, a tsoma ɗan ƙaramin iri na kiristal, a riƙa janyo shi sama a hankali yana juyawa, bisa hanyar da Jan Czochralski, ɗan ƙasar Folan, ya gano a 1916. A irin wannan zafi da wannan jinkiri, kowane atom yana da lokacin da zai nemi mazaunin da ya fi dacewa da shi. Duk da haka, ko a nan abin da aka zuba ba shi ne ke shiga ba: kiristal ɗin da ke daskarewa yana ɗaukar kimanin kashi 80 cikin ɗari na yawan boron da ke cikin narkakken silikon, amma na fosfarus kashi 35 kawai yake ɗauka, shi ya sa gindin sandar yakan fi kanta yawan fosfarus. To idan haka lamarin yake a zafin digiri 1414, sai ki ƙaddara yadda zai kasance a cikin kwalba mai ruwa, a zafin ɗaki, inda ƙwayoyin ke samuwa cikin daƙiƙu.

Yanzu mu yi ɗan lissafi a kan ƙwaya ɗaya ta ZnS mai faɗin nanomita 3, domin wannan lissafi shi ne ya kamata ya buɗe babin farko na kundinki. Girman cikinta kimanin nanomita kiyubik 14 ne. Ɗakin kiristal na ZnS, wato ƙaramin tubalin da ke maimaituwa, tsawon gefensa nanomita 0.541 ne, kuma yana ɗauke da atom 4 na zinki. Idan kika raba, za ki samu atom na zinki kimanin 360 a ƙwayar gaba ɗaya. Sirkin kashi 1 cikin ɗari yana nufin baƙi uku ko huɗu a kowace ƙwaya. Idan kika sauko zuwa kashi 0.1, lissafin yiwuwa na Poisson zai nuna miki cewa ƙwayoyi 7 cikin 10 ba su da baƙo ko ɗaya, sauran kuwa yawanci ɗai-ɗai gare su. Kuma baƙo ɗaya tak a cikin irin wannan ƙwaya daidai yake da baƙi 7 × 10¹⁹ a santimita kiyubik ɗaya, adadin da a dunƙulallen silikon ake kira sirki mai nauyi ƙwarai. Ƙari a kan haka, kusan rabin atom ɗin ƙwayar a fatarta suke, ba a cikinta ba. A dunƙulallen kiristal, sirki matsakaicin adadi ne da ya bazu ko'ina. A ƙwayar nano kuwa ƙirga ne, wannan tana da biyu, waccan tana da biyar, wata ba ta da ko ɗaya, kuma baƙon da ya samu shiga ma sau da yawa a bakin ƙofa yake tsaye.

Game da zaɓi tsakanin ZnO da ZnS, shawarata ita ce ki ɗauki ZnS ki sirka shi da manganis, kuma ga dalili. Giɓin makamashin ZnO, wato makamashin da elektron ke buƙata kafin ya kuɓuta ya ɗauki lantarki, kimanin eV 3.37 ne (eV ma'aunin makamashi ne), kuma da'irar da elektron da gurbin da ya bari suke kewayawa a cikinsa, wadda ake kira radiyos ɗin Bohr, ba ta wuce nanomita 2 da 'yan kai ba. Ƙuncin da elektron ke ji a cikin ƙaramar ƙwaya, wanda ke faɗaɗa giɓin makamashi, ba ya bayyana sosai sai girman ƙwaya ya kusanci wannan ma'auni. Hanyar da ɗalibanmu suka fi bi, wato a kwantar da hoda sannan a gasa ta a digiri 400 zuwa 500, takan ba da ƙwayoyi masu faɗin nanomita 20 zuwa 40. A wannan girma, elektron ɗin da ke cikin ZnO bai ji wani ƙunci ba, yana zaune kamar a dunƙulallen kiristal yake. Saboda haka idan kika ga an rubuta cewa giɓin ya faɗaɗa "saboda ƙanƙantar ƙwaya" a samfurin nanomita 30, to a nemi dalilin a wani wuri. Idan alminiyom aka sirka, alal misali, ƙarin elektron ne ke cike ƙananan matakan makamashi har giɓin ya yi kamar ya faɗaɗa, abin da Burstein da Moss suka bayyana tun 1954, kuma wannan yana faruwa a babban kiristal ma. Sannan manganis a cikin ZnO ba ya ba da haske, sai ma ya dushe hasken da ZnO ɗin ke da shi.

ZnS kuwa yana kwanciya kai tsaye daga ruwa a zafin ɗaki ba tare da gashi ba, kuma ƙwayoyinsa sukan tsaya tsakanin nanomita 2 da 4, daidai inda ƙunci ke aiki, tunda radiyos ɗin Bohr nasa kimanin nanomita 2.5 ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne manganis yana shaida kansa da kansa. Idan Mn²⁺ ya zauna a gurbin Zn²⁺, atom huɗu na farar wuta suna kewaye da shi, yakan fitar da haske mai launin ruwan lemo a tsawon zangon nanomita 585 zuwa 590. Idan a fatar ƙwayar kawai ya manne, wannan haske ba ya fitowa yadda ya kamata. Wato idonki ma zai ba ki shaidar farko kafin ki kai samfuri ko'ina. ZnS tsohon abokin masu binciken haske ne: Sidot, Bafaranshe, ya ga yana ƙyalli a cikin duhu tun 1866, kuma launin shuɗi da kore na gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya daga ZnS aka samo su, shuɗin an sirka shi da azurfa, koren da tagulla. Amfanin wannan gare ki shi ne halayen dunƙulallen ZnS sanannu ne ƙwarai, kina da ma'auni tabbatacce da za ki jingina sakamakonki a kai.

Kin koyar da sinadarai, don haka za ki so ki san cewa tozalin gargajiya da ake niƙawa daga dutsen galena shi ma semikondakta ne, PbS, wanda Ferdinand Braun ya gano a 1874 cewa irin waɗannan duwatsu suna barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya fiye da ɗayar. Radiyos ɗin Bohr nasa kusan nanomita 18 ne, don haka ƙunci ya fi bayyana a cikinsa nesa ba kusa ba. Amma ban yarda ɗalibi ya yi aiki da dalma ko kadmiyom a ɗakin gwajin da ba shi da tsarin zubar da shara mai guba ba. Abin da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ya isa darasi.

Ga yadda za ki haɗa ƙwayoyin. Don mililita 100 na ruwa mai ƙarfin mola 0.1, a sirkin kashi 1, kina buƙatar giram 2.17 na zinki asitet mai ruwa biyu da giram 0.0245 na manganis asitet mai ruwa huɗu. Wannan adadi na biyu ya yi ƙanƙanta da a amince wa sikeli a kansa, saboda haka ki haɗa ruwan manganis mai yawa sau ɗaya, ki riƙa ɗiba da bututun awo. A wata kwalbar ki narkar da giram 2.40 na sodiyom salfaid mai ruwa tara a mililita 100. Ki sa sinadarin da zai rufe fatar ƙwayoyin ya hana su girma, kamar PVP ko makaptoyitanol, a cikin ruwan zinkin, sannan ki riƙa ɗiga ruwan salfaid ɗin ɗigo-ɗigo kina motsawa da ƙarfi. Farin gari zai bayyana nan take. Ki tace shi da na'urar juyi, ki wanke sau da yawa da ruwa sannan da itanol, ki busar a zafin da bai wuce digiri 80 ba. Ko da komai ya tafi daidai, abin da za ki samu ba zai kai giram ɗaya ba, domin iyakar lissafin giram 0.97 ne, don haka ki ninka adadin tun farko, tunda za ki raba hodar gida biyu kamar yadda zan bayyana.

Wannan girki mai sauƙi yana da ramuka da ya kamata ki sani. Na farko yana cikin sinadarin kansa: lambar narkewar MnS (manganis salfaid), wato ma'aunin sauƙin narkewarsa a ruwa, ta fi ta ZnS sau fiye da biliyan ɗaya, ma'ana salfaid ɗin da kika ɗiga zinki yake fara kamawa, manganis kuwa ya fi son ya ci gaba da zama a ruwa. Shi ya sa abin da ke shiga yakan gaza abin da aka zuba da tazara mai yawa. Da tagulla ce, sai lamarin ya juye, domin CuS ya fi ZnS saurin kwanciya, yakan ware ya yi nasa baƙin gari. Na biyu, manganis a ruwa mai kaifin alkali yana haɗuwa da iskar oksijin ya koma ruwan ƙasa. Na taɓa samun ɗalibin da ya yi makonni yana samun hoda mai launin ƙasa-ƙasa yana murna cewa launin shaidar sirki ne, ashe manganis ɗin ne ya yi tsatsa a wajen ƙwayoyin, saboda bai tafasa ruwansa ba, kuma sodiyom salfaid ɗin da yake amfani da shi ya daɗe a buɗe ya sha iska. Ki tafasa ruwan ki kore iskar da ke cikinsa, in da hali ki busa masa naitirojin, kuma ki haɗa ruwan salfaid sabo a ranar da za ki yi aiki. Hodar da aka sirka daidai fara ce, ko kuma mai ɗan ja-ja kaɗan ƙwarai.

Na uku ya shafi wurin da muke. Baƙin ƙarfe, kobal da nikel suna kashe hasken ZnS ko da 'yan kashi kaɗan ne cikin miliyan. Ƙurar hunturu da ke shigowa ta taga daga Disamba zuwa Fabrairu tana ɗauke da baƙin ƙarfe, haka ruwan rijiyar burtsatse, haka cokalin awo na ƙarfe da ya fara tsatsa. Ki yi amfani da tataccen ruwa sau biyu, cokalin roba ko na gilashi, kuma ki rufe kwalabenki. Sannan zafin ɗaki a Bauchi ko Gombe ba abu ɗaya ba ne duk shekara. Safiyar Janairu da azahar ɗin Afrilu suna iya bambanta da digiri 20 ko fiye, kuma zafi yana sauya girman ƙwaya. Ki ɗora kwalbar a cikin ruwa mai tsayayyen zafi, ki rubuta zafin a littafinki kowane lokaci.

A nan ya kamata in faɗa miki dalilin da ya sa masana suka daɗe suna muhawara a kan wahalar sirka ƙananan ƙwayoyi. Wasu sun ce ƙwayar tana tsarkake kanta, wato tana tura baƙo waje tunda tazarar daga tsakiyarta zuwa fatarta 'yan atom ne kawai. A 2005, Erwin da Norris da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature cewa a ƙarancin zafin da ake haɗa waɗannan ƙwayoyi baƙon ba ya iya yawo a cikin kiristal, abin da ke yanke hukunci shi ne ko zai iya mannewa a fatar ƙwayar har 'yan gida su yi gini a kansa su rufe shi, kuma wasu fuskokin kiristal mai siffar zinki-bilen, wato siffar kiyub da ZnS ya saba ɗauka, sun fi riƙe manganis. Ni na fi karkata ga wannan bayani a irin aikin da za ki yi, kuma yana da amfani a aikace: bayan ƙwayoyin sun samu, ki ƙara ɗiga ɗan ruwan zinki da na salfaid waɗanda babu manganis a cikinsu, domin su yi wa kowace ƙwaya riga ta tsantsar ZnS. Manganis ɗin da ke bakin ƙofa sai ya koma cikin ɗaki, kuma galibi hasken ruwan lemon yana ƙaruwa a fili. Samfuri mai riga da marar riga, idan kika ajiye su gefe da gefe, sun isa su zama babi guda.

Sai batun babban kiristal, wanda na san shi ne ya fi damun ki. Haɗa kiristal guda ɗaya tilo na ZnS ba aikin ɗakin gwajin da muke da shi ba ne. ZnS ba ya narkewa a matsin iska na yau da kullum, tashi yake yi ya zama tururi, shi ya sa ake rufe shi da ɗan ayodin a cikin bututun kwaz da aka zuƙe wa iska, a ajiye kan bututun ɗaya ya fi ɗayan zafi, a bar shi kwanaki ko makonni. Na ZnO kuma ana rainonsa ne a tukunyar matsi, a digiri 300 zuwa 400, cikin ruwan alkali mai ƙarfi, yana ƙaruwa da ƙasa da milimita ɗaya a rana. Ɗaukewar wutar lantarki sau ɗaya ta isa ta ɓata irin wannan aiki. Amma ba kya buƙatarsa. A wajen elektron, duk ƙwayar da ta kai maikromita ɗaya, wato ta ninka radiyos ɗin Bohr sau ɗaruruwa, dunƙulallen kiristal ce. Don haka ki ɗauki rabin hodar da kika haɗa ki gasa ta a digiri 800 zuwa 900 na awa ɗaya ko biyu, ƙwayoyin za su haɗe su girma. Fa'idar wannan hanya ita ce samfuran biyu uwarsu ɗaya, kwalba ɗaya, ruwa ɗaya, ƙazanta ɗaya, abin da ya raba su girma ne da gashi. Sai ki rubuta gaskiya a kundin cewa hoda ce mai manyan ƙwayoyi, ba kiristal tilo ba.

Gashin yana da sharaɗi: kada iska ta shiga. ZnS da aka gasa a buɗe sama da kimanin digiri 500 yana komawa ZnO. In akwai tanderu mai bututu da naitirojin ko agon, shi ya fi. In babu, masu haɗa hodar ƙyalli suna da tsohuwar dabara: a sa hodar a ƙaramin kasko mai murfi tare da ɗan garin farar wuta, a sa shi cikin babban kasko, a cike tsakaninsu da gawayi, a rufe, gawayin ya cinye iskar da ta kutso. Bayan gashi ki duba ko siffar kiristal ɗin ta sauya. Dunƙulallen ZnS ba ya juyewa daga siffar kiyub zuwa siffa mai kusurwa shida sai wajen digiri 1020, amma ƙwayoyin nano sukan fara juyewa ƙasa da haka sosai, kuma za ki gane hakan idan sababbin tsaunuka suka fito a digiri 26.9 da 30.5 a hoton XRD, wato awon da ke nuna tsarin kiristal ta hanyar haska masa hasken X-ray.

Akwai kuma dutsen sifalarait, wato ZnS na ƙasa, wanda ake haƙowa tare da galena a yankin Gwana na ƙaramar hukumar Alƙaleri. Shi dunƙulallen kiristal ne da Allah Ya sirka da kansa, kuma baƙin ƙarfen da ke cikinsa ne ya sa yake ruwan ƙasa ko baƙi alhali tsantsar ZnS fari ne. Zan so ki samu ɗan guntu ki niƙa ki ɗauki XRD ɗinsa, ki nuna wa ɗalibanki a Gombe. Amma kada ki mai da shi abin kwatancinki, domin baƙinsa sun yi yawa kuma ba ke kika zaɓe su ba.

Mu zo ga aune-aune. Abu na farko, kafin XRD, kafin komai, shi ne adadin manganis da ya shiga. Ki narkar da 'yan miligiram na wankakkiyar hoda a asid ɗin naitirik, ki auna da na'urar AAS, wadda ke gano adadin ƙarfe daga hasken da atom ɗinsa ke sha, manganis a nanomita 279.5, zinki a 213.9. Wannan na'ura tana daga cikin waɗanda suka fi samuwa a jami'o'inmu. In kina son tabbaci na biyu, Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma manganis yana daga cikin ƙarafan da gwajin harbi da niyutiron ya fi gani da sauƙi. Ki auna na nano da na gasasshe duka biyu, kuma a duk jadawalinki ki sa adadin da aka auna kusa da wanda aka zuba.

XRD zai ba ki tsaunuka uku na ZnS a digiri 28.6, 47.5 da 56.3 idan na'urar tana amfani da hasken tagulla mai tsawon angistirom 1.5406. A gasasshen samfuri sirara ne masu tsini, a na nano kuwa faffaɗa ne kamar tudu, kuma daga faɗin ne ake lissafa girma da ƙa'idar Scherrer ta 1918. Ki cire faɗin da na'urar kanta ke ƙarawa, ki mai da digiri zuwa radiyan, kuma kada ki yi amfani da ƙa'idar a kan gasasshen samfuri, domin ba ta aiki sama da kimanin nanomita 100. Girman irin waɗannan manyan ƙwayoyi sai da madubin lantarki ake auna shi. Inda nake so ki yi taka-tsantsan shi ne da'awar da ta cika kundaye, cewa tsaunin ya gusa kaɗan, don haka manganis ya shiga. Ki lissafa da kanki. Gefen ɗakin ZnS angistirom 5.41 ne, na MnS mai irin siffarsa kimanin 5.61. Sirkin kashi 1 zai faɗaɗa ɗakin da angistirom 0.002 kacal, wanda zai gusar da tsaunin farko da kimanin digiri 0.01. Faɗin wannan tsauni a ƙwayar nanomita 3 kuwa kusan digiri 2.7 ne. Ba a ganin gusawar 0.01 a kan tudun da faɗinsa ya ninka ta sau fiye da 200, kuma kuskuren shimfiɗa hoda a kan faranti kaɗai ya fi wannan girma. Haka nan rashin ganin tsaunukan MnS ba ya nufin babu shi, domin ƙaramin kaso irin wannan yana ɓuya a ƙarƙashin faffaɗan tudun. A gasasshen samfuri mai siraran tsaunuka ne gusawar za ta iya zama hujja, musamman a manyan kusurwoyi kuma in kin cakuɗa hodar silikon a matsayin ma'auni.

A awon shan haske, dunƙulallen ZnS yana fara sha ne wajen nanomita 340, wato eV 3.6 zuwa 3.7, na nano kuwa gefen yakan ja baya zuwa tsakanin 300 da 320. Ki yi amfani da mazubin kwaz, domin gilashi da roba suna shanye hasken wannan yanki da kansu. Ga hoda, ki auna hasken da ta mayar ki mai da shi awon shan haske ta hanyar lissafin Kubelka da Munk. Ƙa'idar da Louis Brus ya fitar a farkon shekarun 1980, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2023 da Ekimov da Bawendi, za ta ba ki ƙiyasin girma daga wannan gusawa, sai dai takan zarce gaskiya a ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, don haka kada ki damu idan ba ta yi daidai da Scherrer kwabo da kwabo ba.

Sakamakon da ya fi burge ni a wannan aiki yana cikin awon fitar da haske. Za ki ga hasken da ke tayar da samfurin ya gusa tare da giɓin makamashi, na nano yana buƙatar gajeren zango fiye da na gasasshe, amma hasken ruwan lemon da ke fitowa yana nan kusan inda yake a samfuran biyu. Dalili shi ne elektron ɗin da ke ba da wannan haske na manganis ne, a tsare suke kusa da atom ɗinsu, abin da suka sani shi ne maƙwabtansu huɗu na farar wuta, ba ruwansu da girman gidan. Mai masauki ne ke jin ƙunci, baƙo bai ji ba. Za ki kuma ga wani haske shuɗi tsakanin nanomita 420 da 450 wanda ya fito daga guraben da atom suka ɓace, kuma yakan ragu idan manganis ya ƙaru. Ruwan lemon kansa yana da iyaka: yakan kai ƙarshen ƙarfinsa a kusa da kashi 1 na manganis da ya shiga da gaske, daga nan sai ya fara dushewa saboda baƙin sun matsu suna miƙa wa juna makamashi har ya ɓace. Fitilar duba jabun kuɗi za ta iya nuna miki ɗan ƙyallin a cikin duhu, amma zangonta ya fi tsawon da ZnS ke sha sosai, don haka ta isa dubawar farko, ba ta isa awo ba.

Akwai labarin da nake ba kowane ɗalibi da ke wannan fanni. A 1994 Bhargava da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa cewa a ƙwayoyin nano na ZnS mai manganis, hasken ruwan lemon yana mutuwa cikin nanosakan, alhali a dunƙulallen kiristal yana ɗaukar kusan milisakan 2, wato saurin ya ninka sau dubu ɗari. Maganar ta ja hankalin duniya, aka yi ta gina bayanai a kanta. A 1998 Bol da Meijerink na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka sake awon da kyau, suka nuna cewa hasken manganis ɗin yana nan a milisakan ɗinsa kamar na babban kiristal, saurin da aka gani na wutsiyar shuɗin hasken mai masauki ne da ta shigo yankin ruwan lemo. Binciken farko bai rasa daraja ba, shi ya buɗe fannin, amma ya nuna yadda ƙwararru ma ke iya jingina wa ƙanƙanta abin da ba nata ba. Irin wannan ya faru da maganaɗisu bayan Dietl ya yi hasashe a 2000 cewa ZnO mai manganis zai iya zama maganaɗisu a zafin ɗaki: rahotanni da yawa da suka biyo baya daga baya aka gano dunƙulen ƙarfe ne da ya ware, ko ƙazantar kayan aiki. Saboda haka kada ki shigar da da'awar maganaɗisu a kundinki sai kina da na'urar da za ta kare ta.

Idan kika samu hanyar aika samfuri inda ake da na'urar EPR, wadda ke bincikar elektron ɗin manganis a cikin filin maganaɗisu, ita ce alƙalin da ke yanke hukunci a kan mazaunin baƙo. Manganis yana ba da layuka shida, kuma tazarar da ke tsakaninsu kimanin militesla 7 ce idan yana cikin kiristal, ta haura zuwa 9 ko fiye idan yana fata, idan kuma baƙin sun taru wuri ɗaya sai layukan su narke su zama faffaɗan layi guda. In hakan bai samu ba, AAS da hasken ruwan lemo da bambancin mai riga da marar riga, idan suka taru, hujja ce da za ki iya tsayawa a kanta gaban kowane mai jarrabawa.

Ki haɗa samfura biyar: ɗaya babu manganis sam, sauran a kashi 0.5, 1, 2 da 5, kowanne ki raba shi biyu, rabi ɗanye rabi gasasshe, kuma ki maimaita aƙalla ɗaya daga cikinsu sau uku a ranaku daban-daban domin ki san iyakar bambancin da hannunki kaɗai ke haifarwa. Duk aikin da ya shafi salfaid ki yi shi a akwatin zuƙe hayaƙi, kuma kada ruwan salfaid ya haɗu da asid a kwatami, domin iskar da ke tashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa tana kashe jin wari kafin ta kayar da mutum. Idan kin samu sakamakon AAS na farko, ki turo mini tare da hoton XRD da shafin littafinki na ranar da kika haɗa samfurin, mu duba tare kafin ki kunna tanderu.